Yadda Ake Auna Ƙarfin Babbar Firosesa a Aikin Renda

Wanda ya haɗa kwamfuta a kan babbar firosesa irin Threadripper 7980X, ko Core i9-14900K, ko Ryzen 9 7950X, yawanci aikin zanen 3D ne a gabansa: taswirar gine-gine, tallan kaya, fim ɗin katun. Tun ranar da ya fara kunna ta tambaya ɗaya ke damunsa, shin na'urar nan tana ba da ƙarfin da ya kamata ta bayar, ko akwai abin da ya danne ta?

Renda ce ta fi kowane aiki amsa wannan tambaya. Renda ita ce aikin da kwamfuta ke yi idan ta ɗauki zanen 3D, ta bi sawun haske tana lissafa inda ya faɗa da inda ya koma, har ta fitar da hoto kammalalle. Aikin yana rarrabuwa gunduwa-gunduwa, kowane sashe na firosesar ya samu rabonsa, babu mai zaman banza. Shi ya sa duk wata matsala da ke ɓoye, ta zafi ce ko ta wuta ko ta RAM, sai ta fito fili.

Na daɗe ina wannan gwaji, a kan na'urorina da na mutanen da suka kawo mini nasu. Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun daga farko: danna maɓallin gwaji ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma makin da ya fito ba shi da amfani sai ka san a wane hali aka same shi, kuma sai idan ka maimaita gobe ya sake fitowa. Yawancin matakan da ke ƙasa a kan haka suke.

Kalmomi biyu za su riƙa zuwa. Ƙwaya ita ce ɗaya daga cikin ƙananan injinan lissafi da ke cikin firosesa. Zare kuwa shi ne layin aikin da Windows ke miƙa wa ƙwayar. 7950X tana da ƙwaya 16 da zare 32. 14900K tana da ƙwaya 24, manya 8 da ƙanana 16, zare 32. 7980X tana da ƙwaya 64 da zare 128, yayarta kuma, Threadripper PRO 7995WX, ƙwaya 96 da zare 192.

Kayan da za ka tanada

- Cinebench, manhajar gwajin renda ta kamfanin Maxon. Ka sauko da R23, wanda ya fito a 2020, da kuma Cinebench 2024. Kyauta ne.
- Blender Benchmark, da shi kansa Blender ɗin, wato manhajar zanen 3D.
- V-Ray Benchmark ko Corona Benchmark, idan da ɗaya daga cikinsu kake aikinka na kullum. In ba haka ba ka bar su.
- HWiNFO64, don ganin zafi da gudu da wutar da firosesar ke sha.
- CPU-Z, don tabbatar da halin RAM.
- Ma'aunin zafin ɗaki, kowane iri.
- Ƙaramar mitar wuta da ake sawa tsakanin soket da filogin kwamfuta. Idan babu, za a yi aiki da abin da HWiNFO64 ya nuna.
- Littafi da biro, ko shafin Excel.
- Fayil ɗaya na aikinka na gaske, mai nauyi.
- Rabin yini da ba za ka buƙaci kwamfutar don wani abu ba.

Kowace manhaja daga shafin masu ita za ka ɗauko ta. Kwafin da ake yawo da shi a wasu wurare wani lokaci tsohon zubi ne, wani lokaci an cusa masa abin da ba a so.

Mataki na 1: Duba jikin na'urar kafin ka kunna

Ka cire filogi, ka buɗe murfin gefe. Fara da na'urar sanyaya. Fuskar Threadripper faffaɗa ce sosai, kuma sassan da ke fitar da zafi a warwatse suke a ƙarƙashin murfinta, don haka sai farantin da aka ƙera domin soket ɗinta, wanda zai rufe fuskar baki ɗaya. Farantin da aka yi don ƙananan firosesa zai ɗauru da ƙarfen haɗi, amma ƙwayoyin gefe za su riƙa ƙuna na tsakiya suna sanyi. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da faranti ma haka: ɗigo ɗaya a tsakiya ya ishi 7950X, Threadripper kuwa sai an ɗiga a wurare da yawa ko a shimfiɗa shi siriri ko'ina. Ka tabbata an ɓare ledar da ke manne a ƙasan farantin. An taɓa kawo mini na'urar da mai ita ya yi makonni yana fama da zafi, ya canza fanka sau biyu, ashe ledar nan ce.

Idan kai ka ɗora Threadripper ɗin da hannunka, ka ɗaure sukurori uku na soket bisa jerin lambobin da ke jikinsu, da makullin da ya zo a cikin kwalin, har ya yi ƙas. Ɗaurin da bai kai ba yakan sa hanyar RAM guda ta ɓace.

Sai wayoyin wutar firosesa, masu baki takwas, a saman madabod, wato babban allon da firosesar ke zaune a kai. Idan gurbi biyu ne ka cike su biyun. Daga nan ka dubi RAM. A madabod na AM5 (na 7950X) ko LGA1700 (na 14900K) mai gurbi huɗu, sanda biyu a gurbi na biyu da na huɗu ake sa su, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. A madabod na Threadripper, TRX50 hanyar RAM huɗu ce, WRX90 hanya takwas, kuma sai an cike kowace hanya kafin firosesar ta samu abincinta daidai.

Ka mayar da murfin ka rufe. Yadda za ka riƙa aiki da na'urar kullum, haka za ka gwada ta.

Mataki na 2: BIOS

BIOS shi ne saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. A nan mafi yawan sakamako ke lalacewa, kuma mai shi bai sani ba.

Da farko ka sabunta BIOS zuwa zubi na ƙarshe da ba na gwaji ba, ka rubuta lambarsa. Ga mai Core i9 ta ƙarni na 13 ko na 14 wannan wajibi ne. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu daga cikin waɗannan firosesa suna neman wutar da ta wuce ƙima har suna lalacewa a hankali, ya fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta, sannan 0x12B a Satumba. Kada ka ɗora wa irin wannan firosesa aikin awa guda a kan tsohon BIOS. Lokacin sabuntawa kuma kada wuta ta yanke. In kana da UPS ka sa.

Bayan haka ka mayar da komai yadda ya zo daga masana'anta, sannan ka taɓa abu biyu kawai.

Na farko gudun RAM. DDR5 da aka rubuta wa 6000 a kwali ba ta tashi a 6000 da kanta. Takan tashi a 4800 ko kusa da haka har sai ka kunna XMP a madabod na Intel, ko EXPO a na AMD. Renda ba ta jin gudun RAM kamar yadda wasannin kwamfuta ke ji, musamman a Cinebench R23, amma idan ƙwayoyi sun yi yawa kuma fayil ya yi nauyi, bambancin yakan fito.

Na biyu iyakar wuta, kuma shi ne babba. Kowace firosesa tana da iyakar da masu ita suka yanka mata. 14900K wat 253 ce iyakarta ta sama. 7950X an rubuta mata wat 170, amma iyakar da take kaiwa a soket 230 ce. 7980X wat 350. Sai dai masu ƙera madabod da yawa sun saba cire wannan iyaka tun daga masana'anta don allonsu ya yi fice, har za ka ga an rubuta 4096 a gurbin PL1 da PL2, wato guraben iyakar wuta na Intel, ma'ana babu iyaka. Wanda ya gwada firosesa a haka ya ce ga ƙarfinta na asali, bai faɗi daidai ba, kuma wanda ya kwatanta makinsa da nasa zai ɗauka tasa na'urar ce ba ta da lafiya. A allon Intel ka zaɓi Intel Default Settings, ka kashe duk wani abu mai suna irin Multi-Core Enhancement. A na AMD ka kashe PBO, wato saitin da ke barin firosesar ta wuce iyakar wutarta, kada ka bar shi a Auto idan ba ka tabbatar da abin da Auto ke nufi a allonka ba.

Ba ina hana ka buɗe wa na'urarka wuta ba ne. Za mu zo kan wannan a ƙarshe. Amma sai an samu makin asali tukuna kafin a san ko canji ya ƙara wani abu.

Ka bar SMT ko Hyper-Threading, wato abin da ke ba ƙwaya ɗaya zare biyu, a kunne, domin renda tana cin ribarsa sosai. Core Ultra 9 285K ba ta da shi kwata-kwata, ƙwaya 24 zare 24, don haka kada ka sha wahalar nemansa.

Mataki na 3: Share fage a Windows

Ka bar Windows ta gama duk sabuntawar da take so, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka dakatar da sabuntawa na mako guda. Ka sa direban cifset na madabod ɗinka. A wajen saitin wuta ka zaɓi Best performance. Ka rufe burauza, da manhajojin da ke tura fayil zuwa intanet, da na sarrafa fitilu masu launi, da duk abin da ke laɓe kusa da agogo. Idan ka ga dama ka cire intanet ɗin gaba ɗaya, sai dai Blender Benchmark zai buƙace ta don sauko da fayilolinsa.

Sabuwar Windows da aka ɗora yau takan yi awanni tana 'yan aikace-aikacenta a ɓoye. Ka ba ta kwana ɗaya.

Masu zare fiye da 64 su kula da wannan. Windows tana kasa zaruruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce 64 ba. A Windows 10, manhajar da ba a rubuta ta da sanin wannan ba rukuni ɗaya kawai take gani, sai rabin 7980X ya kwanta yana barci. Windows 11 ta sassauta wannan, tana barin manhaja ta bazu a kan rukunai duka. Ko ta yaya, idan gwaji ya fara ka buɗe Task Manager sau ɗaya, ka sa ya nuna kowane zare daban, ka ga ko duk sun cika, sannan ka rufe shi.

Ga firosesar Intel mai manya da ƙananan ƙwayoyi, kada ka lanƙwashe tagar gwajin ko ka buɗe wata a kanta. Windows takan ɗauki tagar da ba a gaba take ba a matsayin aikin da ba na gaggawa ba, ta tura ta ga ƙananan ƙwayoyi.

Mataki na 4: Rubuta halin da ake ciki

Shafi ɗaya: kwanan wata, sunan firosesa, madabod da lambar BIOS, yawan RAM da gudunta da yawan sanduna, na'urar sanyaya, iyakar wutar da ka saita, zubin Windows, zubin kowace manhajar gwaji, da zafin ɗaki. Ma'aunin zafin a gaban fankar da ke jan iska zuwa ciki za ka ajiye shi.

Ka buɗe CPU-Z ka shiga shafin Memory. Idan RAM ɗinka 6000 ce za ka ga wajen 3000 MHz, kuma daidai ne, rabi ake nunawa. Idan 2400 ka gani, XMP ko EXPO bai kama ba, koma BIOS.

Mataki na 5: Kunna mai sa ido

Ka buɗe HWiNFO64 a yanayin Sensors-only. Layuka za su yi maka yawa, amma biyar kake buƙata: zafin firosesa, wanda a AMD aka rubuta Tctl/Tdie, a Intel kuma CPU Package, wutar da take sha, CPU Package Power, matsakaicin gudu na gaske, Average Effective Clock, zafin sashen da ke raba wuta a madabod, wato VRM, sai layin ƙarshe can ƙasa mai ƙirga kurakuran WHEA, wato kurakuran kayan jikin kwamfuta da Windows ke ganowa. Gudu na gaske nake dubawa koyaushe, domin ɗaya gudun da aka fi tallatawa yana iya nuna babbar lamba alhali ƙwayar ba ta aikin da ya kai haka.

Ka bar kwamfutar minti goma ba ka taɓa ta ba, ka rubuta zafin zamanta. HWiNFO64 yana iya zuba duk abin da ya gani a fayil ɗin CSV, akwai maɓallinsa a ƙasan tagar. Ni dai zagayen da zan ɗauki maki daga ciki nakan yi shi mai sa idon yana rufe, sai in yi wani zagaye daban yana buɗe don ganin zafi da wuta. Abin da yake ci kaɗan ne, amma idan kana neman bambancin kashi ɗaya cikin ɗari, kaɗan ɗin ma abin lura ne. Wanda ba shi da lokacin haka ya bar shi a buɗe a dukkan zagaye, muddin dai bai canza ba.

Mataki na 6: Cinebench

Fara da R23. A menu na File ka kunna Advanced benchmark, sai wurin zaɓen tsawon gwaji ya bayyana: Off, minti 10, minti 30.

Ka sa Off, ka danna Start a gaban Multi Core. Wannan zagaye ɗaya ne, kuma ga mai ƙwaya 64 'yan daƙiƙoƙi ne ya ƙare. Zagayen farko na ɗumama jiki ne, ka watsar da makinsa. Ka yi uku a bayansa, kana ba da hutun minti biyu tsakani, ka rubuta kowanne.

Yanzu ka sa minti 10, ka yi sau uku da hutun minti biyar. Wannan makin shi ne wanda nake dogara da shi. Dalili kuwa, a daƙiƙoƙin farko ƙarfen sanyaya da ruwan da ke cikinsa duk da sanyinsu, firosesar tana gudu iya son ranta. Sai an jima ruwan ya ɗumama, iskar cikin akwati ta ɗumama, sannan gudun ya sauka ya zauna a inda zai iya daɗewa. Aikinka na gaske na awa biyu ne ko na dare guda, a wannan gudun na biyu zai gudana. Tazarar da ke tsakanin makin gajeren gwaji da na dogo ita ce ke gaya maka ingancin sanyayarka. Idan kusan ɗaya suke, madalla. Idan na dogon ya faɗi da kashi biyar cikin ɗari ko fiye, akwai gyara. Mai sanyayar ruwa mai babbar radiyeta ya ƙara da na minti 30 ko sau ɗaya, domin ruwa mai yawa yakan wuce minti goma bai gama ɗumama ba.

Sannan Single Core, sau ɗaya ko biyu. Yana da jinkiri, ka yi haƙuri da shi, kada ka taɓa linzami. Shi ke nuna yadda na'urar za ta ji a hannu lokacin da kake zane da juya abubuwa a allo. Bayansa za ka ga MP Ratio, wato ninki nawa ƙwayoyi duka suka fi ƙwaya ɗaya. Kada ka sa ran ya kai yawan zaruruwanka: ƙwaya ɗaya ita kaɗai tana gudu fiye da yadda take yi a cikin taro, kuma zare na biyu ba ƙwaya ce cikakkiya ba.

Ka maimaita duka a Cinebench 2024. Shi da injin Redshift yake aiki, fayil ɗinsa ya fi nauyi, ya fi cin RAM, kuma ma'auninsa daban ne. 7950X da ke ba da wajen maki 38,000 a R23, a 2024 dubu biyu da 'yan kai take bayarwa. Ba a haɗa makin zubi biyu a jeri ɗaya. Yana da gwajin GPU ma, wannan na katin hoto ne, ba shi muke nema ba.

Mataki na 7: Blender Benchmark da sauransu

Idan ka buɗe shi zai tambaye ka zubin Blender, ka zaɓa ka rubuta, domin injin Cycles yana canzawa daga zubi zuwa zubi. Zai sauko da fage uku, monster da junkshop da classroom. Wajen zaɓen na'ura ka tabbata firosesar ka zaɓa. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: mutum ya bar shi a kan katin hoto ya ga maki ya yi tashin gwauron zabi. Sakamakon yana zuwa da yawan samfurin haske a minti, mai yawa shi ya fi. Ka rubuta na kowane fage daban, kada ka tsaya a jimla kawai. Amfanin wannan gwaji shi ne shafin Blender Open Data yana tara sakamakon jama'a, za ka iya neman irin firosesarka a irin zubinka ka ga inda tsakiyar mutane take.

V-Ray yana ba da maki da vsamples, Corona 10 da yawan layukan haske a daƙiƙa. Ƙa'idar ɗaya ce: ɗumama jiki, sau uku, rubutawa.

Mataki na 8: Fayil ɗinka

Gani ya kori ji. Fagen da ke cikin manhajojin gwaji an tsara su ne su ciyar da kowace ƙwaya daga farko har ƙarshe. Aikin gaske ba haka yake ba. Kafin hasken farko ya fita, sai an karanto fayil daga faifai, an loda hotunan da ake lulluɓe abubuwa da su, an lissafa gashi ko hayaƙi ko ruwa, an gina taswirar da haske zai bi. Da yawa daga cikin wannan ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan ke yi, saura suna jira.

Gene Amdahl ya bayyana lissafin wannan tun 1967. A ce kashi 5 cikin ɗari na aikin ba ya rabuwa. Ƙwaya 64 ba za su ba ka ninki 64 ba, wajen ninki 15 za su ba ka. Ko da kashi 1 ne kawai ba ya rabuwa, ninki 39 ne. Saboda haka mai fitar da hoto ɗaya mai nauyi na awa guda zai more Threadripper sosai, mai fitar da dubban firam, wato hotunan da ke haɗuwa su zama fim, da kowanne ke ƙarewa cikin daƙiƙa ashirin, rabinsu na shiri ne, zai iya tarar da ƙwaya 16 masu gudu sun kusa kamo ta. Babu Cinebench ɗin da zai gaya maka wannan.

A Blender, ka gudanar da shi daga layin umarni don kada zanen taga ya shiga lissafi:

blender -b aikina.blend -f 1 -- --cycles-device CPU

Idan ya gama zai rubuta lokacin da ya ɗauka. Kafin haka ka shiga fayil ɗin ka tsayar da yawan samfuri, ka cire iyakar lokaci idan akwai, kuma kada ka canza girman hoto tsakanin zagaye. Ka zaɓi firam da zai ɗauki aƙalla minti biyar. Don ganin yadda aikinka ke rabuwa, ka sa -t 8 kafin -f, sannan -t 16, sannan -t 32, kana rubuta lokaci. Jerin umarnin yana da muhimmanci a Blender, idan -t ya zo bayan -f ba zai shafi firam ɗin ba. Inda ka ga ninka zare ya daina rage lokaci sosai, nan ne iyakar abin da fayil ɗinka zai iya amfana da shi.

Ka sa ido kan RAM a nan. Idan ta cika Windows ta fara aro daga faifai, gudun faifai kake aunawa.

In ba ka da fayil naka tukuna, Blender yana da fayilolin nuni na kyauta a shafinsa, ka ɗauki mai nauyi. Wanda yake da Linux a gefe ya gwada fayil ɗin a can ma. A na'urori masu ƙwayoyi da yawa na sha ganin Linux ta riga Windows gamawa.

Mataki na 9: Karanta abin da ka tara

Daga maki uku ka ɗauki na tsakiya. Ɗaukar mafi girma yaudarar kai ce. Sannan ka dubi tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami. A na'ura mai lafiya nakan ga kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Idan ta kai 3, wani abu yana motsi a ɓoye ko zafi yana hawa daga zagaye zuwa zagaye, ka nemo shi kafin ka yarda da kowace lamba. Wannan tazara kuma ita ce ma'auninka nan gaba: canjin da ya ƙara maka abin da bai wuce ta ba, bai ƙara komai ba.

Idan makinka ya gaza na jama'a, fayil ɗin HWiNFO64 zai nuna maka hanya. Zafi ya manne a iyaka, gudu yana sauka, wutar ba ta kai iyakarta ba: sanyaya ce. Iyakar digiri 100 ce ga 14900K, 95 ga 7950X da 7980X. Sai dai 7950X an tsara ta ne ta hau har 95 ta zauna a can, AMD ya faɗi haka tun fitowarta, don haka ganin 95 kaɗai ba ciwo ba ne, gudunta za ka duba. Wuta ta tsaya cak a wata lamba da ba ta kai ta asali ba, zafi kuma da sauƙi: an rage iyaka a BIOS, ko yanayin Eco a kunne yake. Zafin firosesa lafiya, wuta lafiya, amma gudu yana faɗuwa yana tashi bayan wasu mintuna: dubi zafin VRM, ka sa masa fanka. Komai lafiya amma maki ya yi ƙasa sosai: rukunin zare 64, ko SMT a kashe.

Kuskuren WHEA ko guda ɗaya ne, ko manhajar ta rufe da kanta, makin wannan zagaye ba ya shiga littafi. Ka kashe XMP ko EXPO ka sake. Idan matsalar ta tafi, RAM ce ba ta zauna a wannan gudun ba.

Wajen kwatanta zafi na rana biyu, ka cire zafin ɗaki daga na firosesa. Digiri 85 a ɗaki mai 22 da digiri 90 a ɗaki mai 30, na biyun ne ya fi sanyaya mai kyau.

Mataki na 10: Wuta, da gwajin canje-canje

Maki ba ya nuna tsadar gudun. Ka ninka matsakaicin wat da daƙiƙoƙin da firam ya ɗauka, ka raba da 3600, ka samu wat-awa na firam ɗaya. Misali, wat 350 na daƙiƙa 120 ya ba da wat-awa 11.7. Mitar bango tana auna kwamfutar duka har da asarar akwatin wuta, HWiNFO64 kuwa firosesar kaɗai, don haka ka rubuta wanne ka yi amfani da shi.

Yanzu da makin asali yake a littafi, kana iya taɓa saiti. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka kunna PBO ko ka buɗe PL2, ka sake gwajin minti 10 sau uku da fayil ɗinka, ka rubuta maki da zafi da wat. Ka mayar da shi, sannan ka gwada na gaba. Threadripper tana da sarari a nan, domin wat 350 da aka raba wa ƙwaya 64 ɗan kaɗan ne ga kowacce, amma idan aka buɗe mata tana iya shan ninkin haka, sai akwatin wuta da sanyaya da suka isa, kuma ka karanta sharuɗɗan garanti kafin ka fara.

Ka gwada ta ɗaya ɓangaren ma, wanda mutane ba su cika gwadawa ba: rage wutar. 7950X tana da yanayin Eco na wat 105 da na 65, a Intel kuma kana iya rubuta PL1 da PL2 da hannu, ka sauko da su 200 ko 180. Waɗannan firosesa an tura su can ƙarshen abin da za su iya tun daga masana'anta, inda ƙarin wuta mai yawa ke sayen ƙarin gudu kaɗan. Sau da yawa nakan tarar saukowa mataki ɗaya ya rage zafi da ƙarar fanka sosai, lokacin renda kuwa ɗan abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Na'urar da za ta kwana tana aiki, a irin wannan saitin nake barinta, bayan na yi mata gwajin minti 30 da firam goma na fayil ɗin mai ita a jere ba tare da kuskuren WHEA ko ɗaya ba.